Wa ya gwada fasa shi? Muhawara kan tarukan CRYPTO, Africacrypt da inda za mu kai bincikenmu

Sadiya:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Shawara nake nema. Na yi nisa a digiri na uku, aikina a kan ɓoye hotuna ne. Na haɗa wani sabon tsari da ke yamutsa ɗigogin hoto da wani lissafi, ta yadda wanda ba shi da mabuɗi ba zai gane komai ba. Duk gwajin da na yi ya ba da sakamako mai kyau. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na buga a mujalla kafin a sa mini ranar kare aikin. Amma wani abokin karatunmu da ke waje ya ce a fannin ɓoye saƙo da tsaron intanet ba mujalla ake ji da ita ba, taro ne. Wanne ne gaskiya? In kuma taro ne, wanne zan dosa?

Dakta Habibu:
Wa alaikumus salam. Sadiya, ki bi maganar malaminki. Wanda zai sa miki hannu shi ne a gabanki, ba ɗan ajinku na waje ba. Na zauna a kwamitin ƙarin girma, na san yadda ake rabon maki: mujalla ce a sama, takardar taro a ƙasa, wani lokacin ma rabin maki ake ba ta. Ki gama, ki karɓi takardar shaidarki, sannan ki yi maganar taro.

Nura:
Dakta, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da maki haka yake, ba wanda zai musa. Amma ta yi tambaya biyu ne a dunƙule: me zai ba ta digiri, da me zai nuna aikin nata ya tsaya da ƙafarsa. Ka amsa ta farko. Bari in taɓa ta biyu.

A likitanci ko kimiyyar sinadarai, taro wurin ba da labari ne, mujalla ce wurin hukunci. A fanninmu abin ya juye. Ƙungiyar masu binciken ɓoye saƙo ta duniya, IACR, tana da manyan taruka uku a shekara: Eurocrypt a Turai wajen watan Afrilu ko Mayu, CRYPTO a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya duk watan Agusta tun 1981, sai Asiacrypt wajen Disamba. A ɓangaren tsaron na'urori da hanyoyin sadarwa kuma akwai huɗu da kowa ke hari: taron IEEE kan tsaro da sirri wanda aka faro a 1980, da CCS, da USENIX Security, da NDSS. Ba taƙaitaccen bayani ake turawa ba, cikakkiyar takarda ce, ba sunanka ba sunan jami'arka a kai. Masana uku zuwa biyar su karanta, su rubuto maka duk inda suka ga ɓaraka, a ba ka 'yan kwanaki ka kare kanka, sannan kwamiti ya yanke hukunci. A waɗancan huɗun, cikin takardu biyar da ƙyar ɗaya ke tsallakewa. Don haka wanda ya ce takardarsa ta shiga CRYPTO ya fi wanda ya jera mujallu goma da ba wanda ya san su.

Dakta Habibu:
To Malam Nura, wa zai yi wa shugaban kwamiti wannan bayanin? Masanin aikin gona ne, ko na shari'a. Shi dai ya ga an rubuta taro, ya sa maki kaɗan, ya wuce.

Nura:
Zan dawo kan wannan, Dakta, akwai mafita. Amma akwai maganar da ta fi ta nauyi, kuma Sadiya ki yi haƙuri da ni, gara ki ji daga bakin ɗan uwa. Kin ce duk gwajin da kika yi ya yi kyau. Wa ya gwada fasa tsarin naki? Ba ke ba, wani wanda burinsa ya karya shi.

Sadiya:
Babu kowa, Malam. Na dai auna yadda launukan hoton suka bazu daidai wa daida bayan an ɓoye shi, na auna yadda canza ɗigo ɗaya ke canza hoton gaba ɗaya, na kuma lissafa yawan mabuɗan da ɓarawo zai gwada kafin ya dace. Abin da na gani a takardun da na karanta ke nan.

Nura:
Na sani, irin waɗannan takardun sun cika mujallu. Matsalar ita ce tsarin da ba shi da ƙarfi ma yana iya cin duk waɗannan gwaje-gwajen. Abin da mai tantancewa a Eurocrypt zai fara tambaya shi ne: in na ba tsarin naki hoto baƙi ƙirin, na ga abin da ya fito, na sake ba shi wani mai ɗigo fari guda ɗaya, na kwatanta su, shin ba zan gano yadda kike jujjuya ɗigogin ba tare da na san mabuɗin ba? Da wannan dabarar aka rusa tsare-tsare da yawa irin naki. Tambaya ta biyu kuma: me naki ya fi AES, sanannen tsarin ɓoye bayanai da duniya ke amfani da shi? AES ɗin nan 'yan Beljiyam biyu ne suka ƙirƙire shi, Joan Daemen da Vincent Rijmen, ya ci gasar da hukumar NIST ta Amurka ta shirya a bainar jama'a, aka amince da shi a 2001. Tun daga lokacin masana ke dukansa ba su kai shi ƙasa ba. Hoto kuwa bayanai ne kamar kowane, AES na ɓoye shi lafiya lau.

Maƙerin kwaɗo ba ya cewa kwaɗonsa ba ya buɗuwa don shi ya kasa buɗe shi da allura. Sai ya ajiye shi a tsakiyar kasuwa, duk gwanin ɓalle kwaɗo ya zo ya gwada ya gaji. Aikin da tarukan nan ke yi ke nan.

Injiniya Mustapha:
Nura, ka yi wa yarinya saukar ruwan sanyi da sassafe. Amma ban ga ƙarya a ciki ba. Ni a ɓangaren tsaron banki nake, ba za mu taɓa ɗora kuɗin jama'a a kan tsarin da mutum ɗaya ya ƙirƙira a ɗakinsa ba, ko da farfesa ne.

Farfesa Rabi:
Sadiya 'yata, kada ranki ya ɓaci. Bari in ba ki labarin wata mace a wannan fanni, don ki ga abin da Nura ke nufi.

A CRYPTO akwai wani zama da ake yi da daddare, ba ya cikin jerin takardun da aka tantance. Kowa na iya neman 'yan mintoci ya tashi ya faɗi sabon abin da ya gano. A Agustan 2004, a irin wannan zaman, wata malamar lissafi daga Jami'ar Shandong ta ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, ta tashi ta nuna cewa ita da abokan aikinta sun karya MD5. MD5 lissafi ne da ke fitar wa kowane fayil tambarinsa na daban, kuma amincinsa ya dogara ne a kan cewa ba mai iya samo fayil biyu masu tambari ɗaya. Ita kuwa ta zo da su a hannu. Ba sai an yarda da bakinta ba, kowa zai iya ɗorawa a kwamfutarsa ya gani da idonsa. Kafin wannan dare mutane ƙalilan ne a zauren suka san sunanta.

Ki duba abin da ya biyo baya. Cikakken bayanin ya fito a Eurocrypt na 2005. A Disambar 2008, a wani taro a Balin, wasu masu bincike suka haɗa na'urorin wasan PlayStation 3 kimanin 200 suka ƙera takardar shaidar intanet ta bogi da wannan rauni. A 2012 aka gano manhajar leƙen asiri mai suna Flame ta yi amfani da irin wannan hanya ta yi shigar sabuntawar Microsoft. Shekara takwas tsakanin gargaɗin da aka yi a zauren taro da ɓarnar da aka gani a fili. Waɗanda suka ji gargaɗin suka sauya da wuri sun tsira.

Dakta Habibu:
Ranki ya daɗe, labari ne mai kyau. Amma a ƙarasa shi. Ita wannan baiwar Allah, da shekara ta zagayo, 2005, tana da takarda a CRYPTO kan SHA-1, wani lissafin tambari irin MD5, biza ba ta fito mata a kan lokaci ba. Adi Shamir ne ya sanar da sabon sakamakonta a madadinta. Shi kansa Shamir, wanda harafin S na RSA, sanannen tsarin ɓoye saƙo, sunansa ne, bai samu bizar zuwa taron RSA na 2019 a San Faransisko ba, sai saƙon bidiyo ya aika. To idan waɗannan sun tsaya a bakin ƙofa, ɗalibarmu mai koren fasfo fa?

Ni an taɓa karɓar takardata a wani taro a waje. Na biya kuɗin rajista daga aljihuna, na kai duk takardun da aka nema wani ofishin jakadanci, aka riƙe fasfona har taron ya watse, sannan aka dawo mini da shi ba ko kalma ɗaya ta bayani. Kuɗin bai dawo ba. Shi ya sa in na ji ana zuga yara su dosa can, raina ke sosuwa. Rajista da dala, jirgi da dala, masauki da dala, albashi da naira.

Farfesa Rabi:
Ban musa ba, Dakta. Wannan ciwo ne na gaske, kuma su kansu masu shirya tarukan sun san da shi. Amma ka lura, hana ta biza bai hana SHA-1 faɗuwa ba. A 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da fayilolin PDF biyu masu tambari ɗaya, a kan hanyar da ta share. Zuwa zauren abu ɗaya ne, shiga cikin zancen wani abu ne daban.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Kun yi ta maganar Amurka da Turai kamar nan gida ba a yin komai. Akwai Africacrypt. An fara shi a Kasabalanka ta Maroko a 2008, da haɗin gwiwar IACR, kuma kamfanin Springer ne ke buga takardunsa a jerin littattafan da ake buga na CRYPTO da Eurocrypt. Ya je Tunisiya, ya je Afirka ta Kudu a 2010, Dakar sau biyu, 2011 da 2017, ya je Alƙahira, ya sha komawa Maroko. A 2024 aka yi shi a Duwala ta Kamaru, nan maƙwabta. Ba zan ce ya kai CRYPTO tsanani ba, amma tantancewa ce ta gaskiya, kuma masana na gaske ne ke zaune a kwamitin.

Abin da ke damuna shi ne, tun daga Kasabalanka har Duwala ba a taɓa kawo shi Najeriya ko Nijar ba. Senegal ta karɓe shi sau biyu saboda suna da malaman aljabra a Jami'ar Cheikh Anta Diop da suka daɗe suna yaye ɗalibai a wannan layi. Mu nan ƙasashe masu amfani da Faransanci ta sashen lissafi ake shiga fannin. Ku kuwa na lura ta sashen kwamfuta kuke shiga, lissafin sai ya zo daga baya, ko ma kada ya zo.

Nura:
Malam Isuhu ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ga misalin da ke nuna lissafin ba ado ba ne. NIST ta buɗe gasa a 2016 don neman tsare-tsaren da kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, ba za ta iya fasawa ba, tunda an san idan irin wannan kwamfuta ta girma RSA ya gama yawo. Akwai wani ɗan takara mai suna SIKE, manyan masana ne suka gina shi, tushensa tun 2011 yake, ya tsallake zagaye uku, a Yulin 2022 aka wuce da shi zagaye na huɗu. Kafin watan ya ƙare, Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka fasa shi da kwamfuta ta yau da kullum cikin kimanin awa ɗaya. Da me? Da wata ƙa'idar lissafi da Ernst Kani ya wallafa a 1997, wadda masu tsarin ba su zaci tana da alaƙa da aikinsu ba. A farkon 2022 ɗin ma Ward Beullens ya rusa wani ɗan takarar, Rainbow, da laftof a ƙarshen mako guda.

Ba wanda ya kira masu SIKE jahilai. Sun fito sun amince, aka janye shi, takardar da ta karya shi ta fito a Eurocrypt 2023. Waɗanda suka jure duka ne NIST ta fitar a matsayin ma'auni a Agustan 2024. Da SIKE a wata mujallar da ba a karantawa aka ɓoye shi, sannan wani kamfani ya ɗauka ya sa a wayoyin mutane, da sai ranar da aka kwashe musu asiri za a sani.

Kuma Dakta, ga abin da ya shafi maganar dala. Castryck da Decru ba su jira taro ba. A ma'ajiyar ePrint ta IACR suka fara ajiye takardar, inda kowa ke saukewa kyauta. Yawancin abin da za a gabatar a CRYPTO yana can tun watanni kafin taron. USENIX da NDSS suna sakin takardunsu kyauta, jawaban kuma suna YouTube. Wanda ke da data a Gusau zai karanta abin da na Zurich ke karantawa a rana ɗaya.

Dakta Habibu:
Karatu kyauta ne, na ji. Bugawa fa?

Nura:
Ga mafitar da na yi alkawari. Biyu daga cikin tarukan IACR sun mayar da kundinsu mujalla. Na FSE, wanda ya shafi irin aikin Sadiya, takardunsa na fitowa a mujallar ToSC. Na CHES, wanda ya shafi na'urori da katunan banki, a mujallar TCHES. Ana turawa sau da yawa a shekara, suna da kundi da lamba kamar kowace mujalla, ba a cajin marubuci kuɗin bugawa, ba a cajin mai karatu. A 2024 kuma IACR ta ƙaddamar da wata sabuwar mujallar kyauta da ba ta haɗe da wani taro, ba maganar tafiya ko biza. Ga kuma taron PETS kan kare sirrin mutane, shi ma mujalla ce ke ɗauke da takardunsa. Shugaban kwamitinka zai ga mujalla ya ba da cikakken maki, ɗan fanni zai ga sunan ya san an sha tantancewa.

Dakta Habibu:
Wannan kam abin dubawa ne. Amma kada mu yaudari kanmu, shiga ToSC ba wasan yara ba ne. Yarinyar da ba ta da mai ja mata gora a wannan layi za ta iya shafe shekaru ana dawo mata da takarda, lokacin karatunta na ƙonewa.

Injiniya Mustapha:
Ku ba ni dama in shigo da nawa ƙorafin, don ni ba maki nake nema ba. Ina karanta takardun nan, kuma sau da yawa sai in ga ba da mu ake ba. Ana ta faɗa kan kwamfutar kwantam da ba ta iso ba, mu kuwa abin da ke cinye kuɗin mutanenmu a gabanmu yake. Ku tsaya rumfar mai POS a kasuwa ku kalla. Tsohuwa za ta ciro kati daga ƙullin zaninta, ta miƙa, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi don ba ta iya dannawa, mutum biyar na tsaye a bayanta. Wani zai miƙa ƙaramar wayarsa a yi masa tiransifa ta USSD, lambar sirrin na bayyana ɓaro-ɓaro a fuskar wayar yayin da ake bugawa. Wani a sace masa waya da yamma, kafin gari ya waye an zare sim an sa a wata wayar an yashe asusun. Ba wanda ya fasa AES a nan. Wace takarda a Santa Barbara ce za ta magance wannan?

Farfesa Rabi:
Injiniya, ba a Santa Barbara za ka neme ta ba, a USENIX da NDSS da CCS za ka duba. A USENIX Security na 2015 wasu masu bincike daga Jami'ar Florida sun tsefe manhajojin kuɗin waya guda bakwai na ƙasashe masu tasowa, irin su Indiya da Filifin da Barazil. Shida daga ciki suka samu manyan ramuka, wasu ma sun ƙirƙiri nasu tsarin ɓoye saƙon ne maimakon amfani da wanda aka sani, ya zama ta nan aka shige su. Ka ga an karɓi irin wannan aiki a babban taro. Tambayata ita ce, me ya sa sai 'yan Florida ne za su yi? Su ba su san rumfar mai POS ba. Ba za su iya zama da tsohuwar nan su tambaye ta da Hausa wa take ba katinta da dalilin da ya sa ta amince da shi ba. Akwai ma taro sukutum, SOUPS, da aka keɓe don yadda mutane ke mu'amala da tsaro. A wannan fage mu ne ke da abin da wasu ba su da shi, amma mun bar shi muna ta ƙirƙirar sababbin tsare-tsaren da ba mai amfani da su.

Injiniya Mustapha:
Ranki ya daɗe, na karɓi wannan. Kuma in yi adalci, ranar da Mathy Vanhoef ya fito da harin KRACK a kan Wi-Fi a Oktoban 2017, takardar CCS ce, amma mu ma sai da muka bi na'urorinmu ɗaya bayan ɗaya muna sabuntawa. Abin da ya ba ni tsoro a wannan lamari, an riga an tabbatar da amincin sashen da aka kai wa harin na WPA2, wato tsarin tsaron Wi-Fi, da hujjar lissafi, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Sai dai ba ta yi la'akari da abin da zai faru in aka sa na'ura ta sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi amfani da shi ba. Shekara goma sha uku ana amfani da shi kafin wani ya duba wannan lungun. A wannan taron na CCS dai aka gabatar da raunin da 'yan Jami'ar Masaryk ta ƙasar Cek suka gano a wasu ƙwayoyin kati, wanda ya sa Istoniya ta dakatar da shaidar lantarki ta katunan ɗan ƙasa sama da 700,000. Don haka ban ce ba su da amfani ba. Cewa na yi ba sa kallon inda muke.

Isuhu Maraɗi:
Ba za su kalla ba sai mun kai musu, Injiniya. Kwamiti abin da aka turo masa yake karantawa.

Sadiya:
Malamaina, na gode ƙwarai. Na gwada abin da Malam Nura ya ce, na ba tsarin baƙin hoto, sannan mai ɗigo ɗaya, kuma ina iya ganin inda ɗigon ya koma. Zan zauna da malamina a kan wannan. Amma maganar Farfesa ta shige ni. In na juya akalar aikin zuwa manhajojin kuɗi da ake amfani da su a nan, zan iya sauke su kawai in fara gwada kutsawa?

Injiniya Mustapha:
A'a! Tsaya nan, ƙanwata. Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne ko da niyyarki alheri ce. Duba manhajar da kika sauke a wayarki, da asusunki na kanki, wannan wani abu ne. Taɓa sabar banki ko asusun wani kuwa, wannan zai kai ki gaban alƙali. In za ki yi hira da mutane ki tattara bayanansu, ga dokar kare bayanai ta 2023, ga kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku. Kuma in kin gano rauni, ba Facebook za ki kai ba. Ki rubuta wa kamfanin a asirce, ki ba su lokaci su gyara, kwana 90 ne aka fi sabawa da shi, sannan ki wallafa.

Nura:
Tarukan ma yanzu ba sa wasa da wannan. A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota sun tura wa masu kula da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, gyare-gyare masu ɗauke da ɓoyayyen lahani, don su ga ko za a gane, ba tare da sun sanar da kowa ana gwaji a kansa ba. Taron IEEE ya riga ya karɓi takardar. Da abin ya fito fili, a 2021 masu Linux suka haramta wa jami'ar gaba ɗaya turo gyara, aka bi ayyukanta na baya ana sake dubawa, marubutan suka janye takardar. Tun daga nan aka ƙara tsaurara tambayar ɗa'a: wa ka sanar, wa zai iya cutuwa, yaushe ka gaya wa mai kayan.

Wani gargaɗin kuma, Sadiya. Da zarar kin fara bugawa, imel zai fara shigo miki daga tarukan bogi: suna mai kama da na gaske, alkawarin karɓar takarda cikin kwana uku, fanni ashirin a zaure ɗaya, daga tsaron intanet har kiwon kaji. Ki duba sunayen 'yan kwamiti, ki duba takardun shekarun baya, ki ga ko akwai wadda wani ya taɓa ambata.

Dakta Habibu:
Ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: kada ta jefar da aikin da ta yi nisa a kai saboda zancen zaure. Digiri na da wa'adi. Amma ga abin da nake gani zai yiwu. Irin harin da Nura ya nuna mata, ta juya shi kan tsare-tsaren ɓoye hoto da aka riga aka wallafa, waɗanda ta gina nata a kansu. In sun faɗi, wannan ma sakamako ne, babi ne guda mai ƙarfi, kuma bai fita daga taken da aka amince mata ba. Maganar POS ta zama aikin bayan digiri.

Farfesa Rabi:
Wannan shawara ce ta malami, Dakta, na goyi baya. Sai dai ta fara dubawa ko wani ya riga ta karya su, don an karya da yawa. Sadiya, kafin ki je wurin malaminki ki rubuta harin a shafi biyu: hoton da kika shigar, abin da ya fito, da yawan hotunan da ake buƙata kafin a gano jujjuyawar gaba ɗaya. Ki je masa da shi a matsayin abin da kika gano, cikin ladabi. In ya ga dama ya kira ni, zan yi masa bayanin ToSC da Africacrypt da bakina.

Isuhu Maraɗi:
In takardar ta yi ƙwari, Africacrypt na karɓar aikin fasa tsari. Kuma ku 'yan Najeriya duk shekarar da ya faɗo Dakar ba ku da matsalar biza. Ina da ɗalibai biyu masu ƙarfi a aljabra amma hannunsu bai faɗa a rubuta manhaja ba. In Malama Sadiya na so, sai a haɗa su, su riƙe lissafin ita ta riƙe gwajin.

Sadiya:
Ina so ƙwarai, Malam Isuhu. Zan fara da shafi biyun da Farfesa ta ce. Malam Nura, in na gama zan iya turo maka ka fara dubawa kafin in kai wa malamina?

Nura:
Turo, amma ki haɗo da manhajar da hotunan gwajin, ba rubutun kaɗai ba, don ina so in maimaita harin a tawa kwamfutar. Kuma ki sanar da malaminki cewa kin nuna mini.